Takardun da Na Tsinta a Hanyar Famfo

Ranar da aka rufe lakwal, wato makarantar boko, a bana ina zaune a ƙofar gida bayan azahar, na miƙe ƙafafu saboda gwiwa, sai ga 'yan makaranta sun fito garke guda suna ihu, suna yage littattafan rubutunsu suna watsawa sama. Takardu suka rufe lungunmu fari fat. Babur ya bi ta kai, akuya ta bi ta kai, mai tallan ƙanƙara ya taka ya wuce. Babu wanda ya duƙa. Na yunƙura zan tashi, gwiwa ta hana, kuma da na tuna abin da duƙawa ta taɓa jawo mini sai na koma na zauna. Ni ban taɓa shiga aji ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, na boko ko na ajami. Wannan da kuke gani ma bakina ne a hannun wata. Amma na yi zamani da karatu. Na ga lokacin da yake da jama'a, na ga yadda jama'ar ta watse, kuma akwai hannuna a cikin watsewar, aƙalla a unguwarmu.

A Barmu aka haife ni, a gidan da babu abin karatu sai allon babanmu. Duk da haka Innarmu ba ta yarda a ƙetare rubutu. In iska ta kawo guntuwar takarda tsakar gida, ko ta sukari ce, ko ta sabulu, matuƙar akwai baƙi a jikinta, sai ta jingine taɓarya ta duƙa ta ɗauka, ta kaɗe ta a zaninta, ta soke a jikin darni ko a cikin shucin rufin ɗaki. In na tambaye ta sai ta ce, "Ke kin san abin da ke ciki, Auta? Ni ban sani ba. In sunan Allah ne fa, kika bari jaki ya taka?" Haka duk matan garinmu suke. Rufin ɗakunanmu cike yake da takardun da ba mu san abin da suka ce ba, sun yi ja saboda hayaƙi, in za a yi sabuwar jinka a sauke su da bismilla a mayar. Muna tsoron rubutu irin tsoron da ake yi wa babba, ba irin wanda ake yi wa maciji ba. Wannan na biyun daga baya ya zo.

Sai shekarun fari suka sauka. Ba zan ja muku su ba. Wanda ya gani ba ya son ji, wanda bai gani ba ko an faɗa ba zai auna ba. Hadari ya taso ya yi baƙi, ya tsaya a kanmu kamar zai yi magana, iska ta kore shi. Rumbu ya zama ɗakin ɓera, daga baya ɓeran ma ya tashi. Muka koma cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin su ciwu. Maigidana ya bi maza zuwa kurmi neman abin aikowa. Ni da Inna da goyona muka hau bayan wata babbar mota zuwa Tawa, gidan Yayana. Shi kaɗai ne a gidanmu aka kama zuwa lakwal tun yana ƙarami, ranar da Inna ta yi kuka kamar an yi rasuwa. Ga shi ya zama mushe, malamin makaranta, kuma inuwarsa muka gudo.

Tawa ta wancan lokacin a kunnena ta zauna. Da asuba ƙarar bokitai a layin famfo. Da hantsi turmi ko'ina, ana dakan jar dawar taimako wadda ba ta yin tuwo sai da faɗa. Da rana ƙugin motocin soja, rediyo kuma ba ya gajiya da kiɗan fareti. Soja ke mulki, kowa ya san iyakar bakinsa. A gefen gari ta arewa kuwa ga rumfunan tabarma da tsumma na mutanen da suka gangaro, Buzaye da Fulani da manoman Adar irinmu, mutanen da jiya suke da garke, yau suna riƙe da kwano a layi.

Ranar Alhamis ba a zuwa lakwal. Maimakon ya huta, sai Yaya ya ɗauki kaye, littafin rubutu irin na ɗalibansa, ya soke bik, alƙalaminsa, a aljihu ya nufi rumfunan nan. Ba ya kai musu komai, ba shi da abin kaiwa. Ya zauna a ƙasa, ya sha shayinsu in akwai, ya ce, "Ƙaƙa anka yi?" Iyakar tambayarsa ke nan. Mutum ya yi ta faɗa yana rubutawa, da Hausa, ba da Faransancin da yake koyarwa ba. Ya dawo gida ya yi kwana biyu yana gyara, sannan ya zo bakin madafa inda nake tankaɗe.

"Insifekta, aje rariyar ki saurara."

Haka yake kirana don tsokana, da sunan manyan da ke zuwa duba aikinsa a aji. Ranar da sunan ya samo asali, labarin wani makiyayi yake karanta mini. Ya kai inda ya rubuta cewa mutumin ya shiga baƙin ciki matuƙa da mutuwar shanunsa, sai dariya ta ƙwace mini.

"Mi ya ba ki dariya cikin mutuwar shanu?"

"Ba shanun ba, Yaya, kai. Wa ka magana hakanan? Mutumin da garkenai ya ƙare ba shi cewa baƙin ciki matuƙa. Cewa shika yi, 'Igiyoyin na nan,' ya yi shiru."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wallahi haka ya ce. Ni na ga kamar bai isa ba, na ƙara mai."

"To ka rage mai."

Ya ja layi ya soke. Daga ranar babu labarin da ke fita ƙofar gida sai ya bi ta kunnena, sau biyu, sau uku, wani har sau biyar.

Ranar Juma'a bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a gindin itacen bedi da ke ƙofar gida. Ba a gayyatar kowa. Badukun da ke maƙwabtaka da mu, wani dattijo mutumin Maraɗi mai baki, shi ke fara zuwa da fatarsa da basilla, sai tela, sai mai facin keke, sai 'yan ga-ruwa su sauke garwa, har wurin ya cika, mu mata muna daga zaure. Masu labarin ma sukan zo daga rumfuna su zauna can baya, fuska a rufe da rawani, su ji ana faɗin abin da ya same su da bakin wani. Na ga wani tsohon Bafillace ana kiran sunayen shanunsa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kai ga kowace kamar tana shigowa. Baduku kuwa ba ya bari shiru ya yi yawa. In Yaya ya tsaya juya shafi sai ya ce, "Mushe, ka yi sauri mana, ko takardar ma jar dawa ta ci ta kasa motsi?" Jama'a su yi dariya, masu hawaye su samu su share.

A wurin nan, in an cire Yaya da tela, babu mai iya haɗa baƙi biyu. Amma duk mun yi karatu. Mutum ɗaya ke riƙe da kaye, kunne arba'in na ci. Mako ya zagayo ana gardamar labarin a layin famfo, wannan ta ce matar nan ba ta kyauta ba da ta bar tsohon a hanya, waccan ta ce, ke da kin goya shi? Yau gidan da nake zaune mutum goma sha huɗu ne suka yi lakwal, har da masu manyan takardu a bango cikin gilashi, ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga murya ya karanta wa wani wani abu ba. Kowa ya sunkuya kan abin da ke tafin hannunsa yana shafawa kamar mai neman ƙaya.

Wata safiya na fita famfo da bokiti, na tarar hanya a shimfiɗe da takardu tun daga kwanar masallaci har bakin famfon. Duk iri ɗaya, rubutun shuɗi-shuɗi, suna warin magani. Daga baya na ji 'yan lise ne, manyan ɗalibai, suka watsa su, suna sukar mulki a ciki da Faransanci. Ni a ranar abin da na gani kawai rubutu ne a ƙasa, ga jakunan 'yan itace na tahowa. Na ajiye bokiti na shiga tsinta. Matan birni suna ratse su suna kallon sama kamar ba su gani ba. Wata ta ja mini zane ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke baƙauya, bar su nan!" Na ce a raina, Allah sarki birni, an rasa mai kwaɓa. Na tsince su tas. Washegari aka sake watsawa, na sake tsincewa. Rana ta uku ma haka. Inna ta yi ta sa mini albarka.

To ina zan sa su? Gidan Yaya ginin ƙasa ne mai rufin kwano, babu darni, babu shuci, babu inda za a soke takarda. Na duba na duba, na ga babu wurin da ya kai mutuncin akwatin ƙarfen da yake ajiye littattafan labarunsa, wanda ni ke goge shi kullum, na kuma san inda mabuɗin yake rataye. Na miƙar da su da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure a kallabina, na sa a ƙarƙashin littattafan na rufe. Ban faɗa masa ba. Wa ke ba da labarin shara?

Kwana biyar bayan haka, da azahar, Yaya ya dawo yana cin abinci, mota ta tsaya a ƙofar gida. Masu kaki uku, da wani mai farar riga wanda shi ne babbansu. Gidajen malaman lakwal suke bi, suna neman wanda ke zuga ɗalibai. Yaya bai razana ba. Ya wanke hannu, ya ba su wurin zama, da suka nuna akwatin shi da kansa ya ciro mabuɗin ya miƙa.

"Labarun mutane ne, ranka ya daɗe. Na yunwa. Duk unguwa ta ji su."

Mai farar riga yana ɗaga littattafan yana jefarwa gefe, har ya kai kan ƙullin. Ya kwance. Ya ɗauki ɗaya ya karanta, ya ɗauki ta biyu, ya auna tulin a hannunsa.

"Waɗannan ma labarun yunwa ne, Mushe?"

Yaya ya dubi takardun, ya dubi kallabin. Ya san shi, shi ya saya mini da salla. Bai juyo ya dube ni ba, kuma na san da gangan ne. Na fito daga bayan Inna.

"Ni na sa su. Bisa hanya na tsince su."

"Kin iya karatu?"

"A'a."

"To me za ki yi da takardar da ba ki iya karantawa?"

"Don kar a taka. Ko da sunan Allah ciki."

Masu kakin suka fashe da dariya, har ɗaya ya dafa bango. Babban bai yi dariya ba. Ya ce wa Yaya, "Ka iya koyarwa, Mushe. Har ƙanwarka ka koya wa abin faɗa." Inna ta durƙusa tana rantsuwa, tana cewa ita ta koya mini tun ina yarinya, a je Barmu a tambayi kowa. Babu wanda ya saurare ta. Yaya ya ce mini, "Koma ciki, Auta, goyonki na kuka." Suka sa shi gaba, biyu suka ɗauki akwatin. Tuwonsa na nan a kwano da shatin yatsunsa a jiki.

Wata bakwai ba mu san inda yake ba. Da suka sake shi ba su bari ya kwana a gida ba, suka tura shi wata makaranta can arewa, bakin wata rijiya da mutanenta suka riga suka tashi, aji guda, ɗalibi huɗu. Akwatin kuwa bai dawo ba har yau.

Abin da ya biyo baya a unguwa shi ya fi tsaya mini. Kafin magaribar ranar da aka tafi da shi hayaƙi ke tashi daga kowane gida, ba na girki ba. Tela ya ƙone littafin da yake zana wuyan riguna. Baduku ya ƙone wasiƙun ɗansa. Mata suka bi akwatunan mazansu suna zaro duk abin da ke da baƙi a jiki. Gida uku a layinmu suka cire 'ya'yansu daga lakwal, suka ce karatu ke sa a jefa mutum bayan mota. Inna ta daina duƙawa. In ta ga takarda a ƙasa sai ta tsaya a kanta, leɓɓanta na motsi, sannan ta kewaye ta wuce. Har ta rasu ba ta ga dawowar Yaya ba.

Ni kuwa wata rana ina daka sai na ji bakina yana faɗin labarin makiyayin nan, daga farko har ƙarshe, har da inda Yaya ke tsayawa ya ja numfashi. Na gwada wani, ya zo. Ashe sauraron nan sau uku sau biyar ya zauna. Na ƙirga su da gaɓoɓin yatsu, ashirin da uku. Daga ranar na raba su ga ayyukana don kar su gudu: wasu na daka, wasu na ɗiban ruwa, wasu na wanki. Mutane suka fara cewa ƙanwar Mushe tana magana ita kaɗai. Na bar su. Ni na ɓatar da akwatin, ni zan mayar da abin da ke ciki.

Shekara shida Yaya ya yi a can arewa. Ya dawo ya rame, furfura ta rufe kansa, muryarsa ta yi ƙasa. Lokacin maigidana ya dawo daga kurmi, mun kama ɗaki a unguwar. Yaya bai taɓa tada maganar kallabin ba, ko da wasa, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na bari ya huta mako biyu, sannan na same shi a zaure.

"Yaya, suna nan fa."

"Su wa?"

Sai na ɗauko labarin farko. Ina kaiwa inda makiyayin ya ce igiyoyin na nan, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Da na gama ya mayar da shi ya dube ni.

"Nawa gare ki?"

"Duka."

"Insifekta," ya ce. Shi ke nan. Ya tashi ya tafi kanti ya sayo kaye.

Kwana huɗu ina faɗa yana rubutawa, muka gama uku. Fuskarsa ta dawo. Ranar Juma'a shi da kansa ya share gindin bedin, ya shimfiɗa tabarma biyar. Aka fito sallar la'asar. Maza suna tahowa, su hango tabarmi, su ɗaga hannu daga nesa, "Mushe, barka da zuwa!" su ƙara sauri. Matasa kuwa ba su ma san abin da ake yi wa shimfiɗa ba, sun nufi dandalin unguwa inda aka kafa talabijin, suna rige-rigen wurin zama tun ba a kunna ba. Baduku kaɗai ya ƙaraso. Ya tsufa, bai zo da fatarsa ba, bai kuma cire takalmi ba.

"Zauna mana, Baba," in ji Yaya. "Yau takardar ba ta ci jar dawa ba."

Baduku ya yi ƙoƙarin dariya. Ya dubi hanya hagu da dama. "Mushe, Allah ya sani ina so. Amma muna da ɗiya. In ka ga dama wata rana ka biyo shago ka faɗa mani da baki, ba takarda." Ya juya.

Yaya ya buɗe kayen ya fara karanta wa tabarmi. Ina zaure ina ji. Ya yi shafi ɗaya, ya shiga na biyu, muryarsa na raguwa har ta tsaya a tsakiyar magana. Ya naɗe tabarmin ɗaya bayan ɗaya ya shigo da su.

Na ce, "Gobe mu ci gaba da na huɗu?"

"Don wa, Auta? Mai rubutu ba mahaukaci ba ne da zai yi ta magana shi ɗai." Ya miƙo mini kayen, ya ɗan taɓa goshina da yatsa. "Sauran bar su inda suke. Nan babu mai shiga da takalmi ya ɗauka."

Bai sake rubuta komai ba sai darasin aji, har ya ajiye aiki, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu in ana zancen mutuwar karatu sai a ce waya ce ta kashe shi. Ni dai na ga gawar tun wayar ba ta zo ba. Tsoro ya fara korar masu sauraro. Soja suka tafi da tsoronsu, amma mutane sun riga sun saba da rashin, kamar yadda muka saba da tuwo ba miya a shekarun can. Yaran da aka cire daga lakwal a layinmu su ne iyayen yau. Waɗanda suka zauna kuwa abin da suka koya shi ne takarda abin cin jarrabawa ce, in an ci a yaga, kuma wasunsu su ne mushe yanzu, suna raba wa yara abin da su ba su ɗanɗana ba. Magana ta koma hannun wanda ya fi ƙarfin murya. A ce an ce, kafin la'asar gari ya ɗauka, babu mai cewa kawo mu duba. Kwanaki wani saurayi, ɗan wani tsohon ɗalibin Yaya, ya zo gaishe ni da littafin da ya buga da kansa. Na shafa bangonsa, na ce mutum nawa suka karanta? Ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Kaka, suna ƙarƙashin gadona. Gara ta fara, ita kam ta kusa sauka." Kayen Yaya mai labari uku yana wurina. Na taɓa miƙa wa babban jikana, ya yi rabin shafi ya ɗago ya ce, "Kaka, wanga da tsawo yake. Mi ya faru a ƙarshe?"

Sauran ashirin ɗin, muddin ina daka, suna zaune lafiya. Yanzu an ƙwace mini taɓarya, injin ke niƙa, ruwa ya shigo har cikin gida, wanki jikoki ke yi, labarun suka rasa inda za su rataya. Bara na ƙirga na samu goma sha ɗaya. Bana ban yarda na ƙirga ba. Wadda ke rubuta mini wannan ta ce in ta dawo hutu za ta zauna ta ɗauke su. Hutu uku ke nan tana faɗa, ban kuma ga laifinta ba, tana da nata.

Akwai ɗaya da ya fi damuna. Wata mata ce daga arewacin Tebaram, ta yi kwana tara a ƙasa ɗauke da dutsen niƙa a ka, ba ta da ƙwaya ɗaya da za ta niƙa. Ta rabu da 'yan'uwanta a hanya, kowa ya bi inda ya ji ana rabon abinci. Da Yaya ya gama rubuta nata, ta riƙe masa hannun riga ta ce kar ya rufe sai ya sa sunanta, da na ubanta, da na rijiyar garinsu, don in nata suka zo nema a karanta musu, su san ta wuce ta nan da ranta. Ya sa. Duk ranar da aka karanta shi sai an faɗi ukun a ƙarshe, a hankali. Shekara da shekaru ina faɗinsu a bakin turmi. Shekaranjiya bayan sallar asuba na ɗauko labarin, ya zo mini lafiya, da dutsen, da kwana taran, da hannun rigar. Na kai ƙarshe na buɗe baki. Sunan rijiyar ya zo. Na zauna a kan sallaya har rana ta shigo ɗaki ina jiran sauran biyun.